Yadda za ka koya wa matashin gidanka zama da wanda ba irinsa ba

Ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, nan bayan garin Kaduna, suka kora ɗalibai sama da 120 cikin daji. Da daddare muna tsakar gida, yara na cin tuwo, ni ina gefe kan tabarma da rediyo. Da aka maimaita labarin, uwarsu ta ce, "Innalillahi. Allah Ka dubi iyayen yaran nan." Sai babban ɗana, lokacin yana da shekara 15, ya ce, ko kai bai ɗago ba, "To Umma, ai 'ya'yan arna ne."

Makonni biyar kafin wannan dare an kwashe 'yan Islamiyya sama da 100 a Tegina ta jihar Neja, kuma har lokacin suna hannun ɓarayin. Da yaron nan nake zuwa masallaci ana yi musu addu'a, aminsa ta fi ta kowa ƙarfi. Na daka masa tsawar da sai da maƙwabta suka ji. Ya tsame hannu daga kwano ya shige ɗaki.

Da gidan ya yi tsit, uwarsu ta zo ta zauna. "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba a titi ya tsinto kalmar nan ba. Ranar da mai Keke Napep ya gogar maka mota wajen filin wasa na Ahmadu Bello, me ka kira shi?" Na tuna. Kuma yaron yana kujerar baya a ranar.

Ni malamin sakandare ne, na haura shekara 20 da alli a hannu, uba ga yara biyar. An haife ni a unguwar Television, tsallaken kogi. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, muna gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya. Shinkafar Kirsimeti ta shigo ɗakinmu, naman layya ya shiga nasu, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ku so juna. Rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwambar 2002, da na bayan zaɓen 2011 suka mayar da kogin Kaduna iyaka. Musulmi suka tattaru a Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi da Kawo, Kiristoci suka koma Sabon Tasha, Television, Narayi da Unguwar Romi. Yarana a Tudun Wada aka haife su, kuma har wancan daren babban bai taɓa taka ƙafa cikin gidan Kirista ba. Abin da mu muka samu kyauta a bakin famfo, su sai an shirya musu shi da gangan. Ga yadda na bi, da inda na yi tuntuɓe.

Ka ɗauki mako guda kana sauraron bakinka

Kada ka fara da yaron. Ka ba kanka kwana bakwai kana lura da abin da ke fita daga bakinka, ba lokacin da kake nasiha ba, don nan kowa waliyyi ne. Wurare uku za ka sa wa ido: cikin mota idan wani ya sha gabanka, tsakar gida minti biyar bayan baƙo ya tafi, da sanda kake waya da abokinka kana zaton yara ba sa ji. Suna ji. Ni a bayan littafin shirya darasi na riƙa ɗiga alama, kafin Juma'a ta zagayo na ji kunyar kaina.

Kalmomin da za ka kama kanka da su sanannu ne. "Arne" asalinta mai bin addinin gargajiya ake nufi, Kirista kuwa Alƙur'ani ma'abocin littafi ya kira shi, don haka ko a mizanin addini kalmar ba ta zauna ba, balle a kunnen mai ita. "Inyamiri" daga yadda Ibo ke cewa "ba ni ruwa" a harshensa aka ciro ta. Ka tambayi kanka ko za ka so a raɗa wa ƙabilarka suna da roƙon ruwa. "Ƙabila ce," in ji mu, sai ka ce mu daga sama muka faɗo. Sai kuma sunayen da muka laƙaba wa maƙwabtanmu tun kaka da kakanni har muka manta suna da nasu. Wanda muke kira Bagwari, Gbagyi yake kiran kansa, kuma a ƙasarsa garin Kaduna yake zaune, amma daga sunansa muka ƙago "gwaranci" don maganar da ba ta da kai. Kaje Bajju ne, Katab Atyap ne, Jaba Ham ne, Kadara Adara ne. Ka koya wa yaro ya kira mutum da sunan da mutumin ya zaɓa. Idan ya ce meye abin damuwa a suna, ka tambaye shi yadda yayansa ya ji ranar da ɗan kwandasta a Legas ya kwaɗa masa "aboki" da irin muryar nan da ba abota a cikinta.

A gidana gwangwanin madara muka huda. Duk wanda ya saki irin kalmar nan, naira 100. Sharaɗin da ya sa abin ya yi aiki ɗaya ne: yara ma suna iya cin tarar ubansu. Ranar farko da autarmu ta miƙo min gwangwani tana dariya, "Baba, ɗari," na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro, amma na zura hannu a aljihu.

Kada dai garin gyara ka kashe barkwanci. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Tivi, gado ne mai daraja, har Jamhuriyar Nijar ta sa hukumar UNESCO ta rubuta nata cikin al'adun duniya a 2014. Ka nuna wa yaro bambancin kawai. A wasa, abokin wasan yana wurin, yana dariya, kuma yana da bakin ramawa. Raini a bayan ido ake yin sa.

Ka bar shi ya saɓa maka, ya kuma kwana lafiya

Nan ne gindin maganar, kuma nan ne ya fi yi min wuya.

An gina mu kan kunya da biyayya, ba kuwa na raina su. Har yau ban taɓa kiran sunan ɗan farin nan ba, "kai" nake cewa ko "yaron nan", kamar yadda mahaifina ya yi min. Sai dai alkunyar ta shigo mana da wani abu a ƙarƙashin zane: uba da ɗa sai su shekara a gida ɗaya ba abin da ya haɗa su sai gaisuwar safe, aike da faɗa. Yaro na buɗe baki da ra'ayi, a jefe shi da "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Karin maganar gaskiya ne, mu ne muka mayar da shi murfin tukunya.

To duba karatun da yaro ke ɗauka daga nan. Duk ranar da ya ga abu ba yadda babba ya gani ba, ladansa tsawa ne ko mari. Sai ya gane cewa mutanen duniya kashi biyu ne, mai ƙarfi da ke da gaskiya, da marar ƙarfi da ke kama bakinsa. Wata rana zai tsinci kansa cikin masu yawa, a aji, ko a majalisar unguwa, ko a kan titi ranar da gari ya rikice, ga kuma wani shi kaɗai da ya bambanta. Me kake zaton zai yi masa? Abin da aka yi masa a gida. Na sha gani a makaranta: ɗalibin da ya fi kowa kumfar baki a kan "su", in aka kira ubansa ofis, sai ka ga yaron jikinsa na ɓari, ya kasa haɗa jimla ɗaya. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Gordon Allport, tun 1954 ya yi nuni da wannan, cewa gidan da aka gina kan tsoro da danniya ya fi saurin fitar da yaro mai ƙyamar wasu. Tsawar da na daka a daren nan ita kanta darasi ce, kuma darasin da ya saɓa wa abin da nake son koyarwa. Na nuna masa a aikace yadda ake yi da wanda ya faɗi abin da ba ka so.

Don haka idan matashinka ya saki mummunar magana, ka ce masa a taƙaice, "Ba a faɗin haka a gidan nan, za mu yi magana," ka bar ta nan. Kada ka tsinka shi gaban ƙannensa, don daga nan ba ra'ayin yake karewa ba kuma, mutuncinsa yake karewa. Ka bari kwana ɗaya ko biyu su wuce.

Sannan ka zaɓi wuri. Mu muka koya masa cewa kallon idon babba rashin kunya ne, saboda haka in ka zaunar da shi gaba da gaba a falo, kotu ka buɗe. Ku jera kafaɗa da kafaɗa: dawowa daga sallar isha'i ta doguwar hanya, ko cikin mota ku biyu, ko kuna wanke motar. Uwa da 'yarta kuma ba abin da ya kai lokacin kitso ko tsinkar zogale, hannu na aiki, ido na wani wuri, baki ya samu sarari.

Ni daga masallaci muka ratsa ta bayan Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Da nawa laifin na fara. "A bakina ka ji kalmar nan, kuma kuskure na yi." Sai da ya waigo ya dube ni, don bai taɓa jin haka daga gare ni ba. Sa'an nan na shiga tambaya. Me kake nufi da abin da ka faɗa? Wa ka sani a cikinsu? Da ƙanwarka ce a dajin, wani ya ce ai 'yar Hausawa ce, ya za ka ji? Bayan kowace tambaya ka yi shiru, ko shirun zai kai tsawon layi guda. Malami irina shiru ya fi masa komai wahala, amma a cikinsa ne maganar ta fito. "Baba, ai su ma in namu ne murna suke yi. Kawun abokina a tsallake aka tare su aka kashe."

Kada ka ƙaryata abin da yake gaskiya don kana son yaro ya zama mutumin kirki, zai gane, kuma ba zai sake yarda da kai ba. Na ce masa an yi, kuma akwai masu murnar a can kamar yadda akwai su a nan, ka ji ɗaya shekaranjiya a tsakar gidanmu. Na karanta masa ayar suratul Ma'ida da ke cewa kada ƙin wasu mutane ya ɗauke ku ga barin adalci. Bai ce na yarda ba. Ban kuma nemi ya ce ba. In ka matsa sai ya furta, biyayya ka samu, zuciyar tana inda take.

Daga ranar muka kafa ƙa'ida, wadda nake ba kowane uba shawarar ya kafa: saɓani daban, rashin kunya daban. Yaro yana iya cewa, "Baba, ni ban ga haka ba," ya kawo dalilinsa. Ba ya ɗaga murya, ba ya juya baya ana magana. Kai kuma in ka kafa doka, ka faɗi dalilinta, ko da jimla ɗaya ce. A ƙananan abubuwa, irin aski, ƙungiyar ƙwallo, ajin kimiyya ko na adabi, ka bari wani lokaci hujjarsa ta kayar da taka, ka ce, "Ka yi gaskiya." Yaron da ya taɓa ganin babba ya sauko ba tare da girmansa ya zube ba, shi ne zai iya saukowa gaban wani.

Kuma ka nuna masa so a fili, kada ka bar shi ya yi ta hasashe. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'ya goma gare shi bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Sai dai ga wani tarko. Wata mai bincike a Suwidin, Marta Miklikowska, ta bi matasa da iyayensu na tsawon shekaru kan yadda suke kallon baƙin haure, ta buga sakamakon a 2016. Matasan da suke jin iyayensu na tare da su sun fi ɗaukar ƙyamar iyayen, idan iyayen masu ƙyama ne. Wato shaƙuwa bututu ce, abin da ka zuba shi zai fito. Shi ya sa na sa gyaran bakinka a gaba.

"Su" na farko a cikin gidanka suke

Tun kafin yaro ya san akwai Kirista ko Bayarabe, ya riga ya koyi "mu" da "su" a inda ba ma dubawa. A gidan mata biyu ko uku, "'yan ɗakinmu" da "'yan ɗakin can" ne. Uwar da ke ja wa ɗanta kunne kada ya ci abincin ɗakin kishiya, da uban da ke fifita ɗaki ɗaya a ɗinkin Salla, sun gama koya masa cewa ko jini ɗaya ana iya ware shi. 'Yan ubanci makarantar firamare ce ta ƙabilanci.

Sai almajirin da ke wanke-wanke, da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aiki. Wane kwano ake zuba musu? Da sunansu ake kiran su, ko "ke" da "kai almajiri"? In abu ya ɓata, wa ake fara caje wa jaka? Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi ya ce masa akwai sauran jahiliyya tare da shi, kuma a hadisin nan ne aka ce masu yi muku hidima 'yan uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci. Ka hana matashinka aiken almajiri abin da shi zai iya tashi ya ɗauko, ka sa ya san garin da yaron ya fito da izu nawa ya kai.

Akwai kuma na cikin masallaci. Yayan mahaifiyarsu ɗan Tijjaniyya ne, ni ba haka nake ba. Da na lura yaran sun fara gaishe shi a tsaye, ban yi dogon bincike ba, na san daga irin zancen da ake yi bayan ya tafi ne. Matashin da aka koya wa raina kawunsa saboda ƙablu da sadlu ko wazifa, kada ka yi mamakin abin da zai ce kan ɗan wani addini.

Ka kai shi inda zai yi aiki da su, ba inda za a yi masa wa'azi ba

A nan garin namu aka yi wani gwaji da ya kamata kowane uba ya sani. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun ɗebo samari Musulmi da Kirista sama da 800 daga unguwannin Kaduna. Aka koya wa wasunsu kwamfuta na makonni 16, wasu a aji gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya zalla, ba tare da an yi musu wata lacca kan zaman lafiya ba. Sakamakon da suka buga a 2018 ya ba ni mamaki. Abin da samarin ke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai canza ba. Amma da aka zo rabon kuɗi a wasannin gwaji, waɗanda suka zauna a aji gauraye sun fi 'yan ajin zalla yi wa ɗan wancan addinin adalci. Abin da na tsinta a ciki biyu ne. Hannu yana riga baki gyaruwa, don haka kada ka karaya in ɗanka na nan da tsohon zancensa. Kuma zama cikin naka zalla ba tsaka-tsaki ba ne, yana ƙara kaurin katanga.

Saboda haka ka nema masa wurin da buƙata ɗaya za ta haɗa shi da wasu a matsayi ɗaya. Darasin share fagen jarrabawar WAEC ko JAMB a tsakiyar gari maimakon na bayan layi. Koyon gyaran waya ko walda a dogon hutu wurin ubangidan da yaransa gauraye suke. Ƙungiyar ƙwallo. Kada ka jira bautar ƙasa ta yi maka wannan aiki. Tun 1973 aka kafa ta don haka, amma ɗan shekara 24 ya riga ya bushe, kuma da yawanmu mu ne ke bin hanya a dawo mana da su gida.

Kai ma sai ya ga kana yi. In abokin aikinka Kirista ya yi rashi, ɗauki yaro ɗaya ku je ta'aziyya, ɗaya dai, don in ka kwashi duka yawon buɗe ido ya zama. Ranar layya ka ƙulla nama ka ba shi ya kai da hannunsa. Abdullahi ɗan Amru, sahabi, an yanka akuya a gidansa, da ya shigo tambayar da ya yi ta maimaitawa ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude.

Waya, da tsoron da ba ma faɗa

Kan waya ba zan daɗe ba. Ƙwace ta ba ya magani, ta aboki na nan. Idan bidiyon gawarwaki ya shigo ta WhatsApp da rubutun "ku yaɗa", ku kalla tare, ka tambaye shi a ina aka ɗauka, yaushe, wa ya fara turowa, wane harshe ake ji a ciki. Sau da dama za ku tarar tsohon hoto ne, wani ma ba na ƙasar nan ba. Ayar suratul Hujurati da ta ce a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari ba ta ware wanda ya zo ta intanet ba. Kai ma ka daina sakin saƙon murya na masu zafin kai a tsakar gida da lasifika a buɗe.

Tsoron da ke ran iyaye da yawa kuwa, wanda ba sa furtawa, shi ne kada yaro ya saki addininsa in ya saba da wasu. Na fahimce shi, ni ma na ji. Amma suratul Mumtahana ta faɗa ƙarara cewa Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba. Abin da yaro ke buƙata shi ne ya iya cewa a'a ba tare da cin fuska ba. Ku gwada a gida: an miƙo maka abin da ba ka ci ko ba ka sha, me za ka ce? Lokacin salla ya yi kana gidan aboki, ya za ka nemi wuri? "Na gode, addinina bai bar ni ba," da fara'a, ta ishe shi. A ɗaliban da na koyar, wanda ya san dalilin abin da yake yi bai cika jin tsoron zama da kowa ba.

Labarin rikici, ka ba da shi da duka rabinsa

Duk gidan Kaduna da Jos da Kafanchan da Zangon Kataf yana da labarinsa, kuma yara za su ji shi ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Namu shi ne ɗan ƙanin mahaifina da ya fita ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, bai dawo ba, ko gawarsa ba mu samu ba. Wannan na sha ba yarana. Abin da ban taɓa ba su ba shi ne inda ni da mahaifiyata da ƙannena biyu muka kwana a daren da na bayansa: ƙuryar ɗakin maƙwabciyarmu, wata mata Bajju da muke kira Mama, bayan buhunan masara. Samari sun zo ƙofa sau biyu, ta tsaya a bakin ƙofar da zani ɗaure a ƙirji ta ce Hausawan sun gudu tun safe. Ita ta nemo sojojin da suka fitar da mu. Shekara ashirin da ɗaya ina ba da rabin labari, kuma ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ciwo ne ya fi saurin zuwa baki.

Ka zauna ka tuna wa ya ɓoye naku, wa ya riƙe muku mabuɗin shago, wa ya bugo waya ya ce kada ku biyo ta hanya kaza. Kusan kowane gida akwai. Ka faɗi abin da aka yi mana, ka faɗi abin da namu suka yi, don a 2000 ɗin nan da aka rasa rayuka sama da 1,000 ba ɓangare ɗaya ne ya binne gawa ba. Ka ba shi mutanen da zai ɗaga kai ya kalla. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, dattijon da a Yunin 2018 ya ɓoye mutane sama da 200, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi buɗe wa maharan ƙofa. Ko Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na nan Kaduna, waɗanda suka jagoranci samari a ɓangarori biyu a rikicin 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, ɗaya ya rasa hannu, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare a 1995. Matashi yana son jarumta. In ba ka nuna masa irin wannan ba, wani zai nuna masa wata.

Da gwangwanin madarar ya cika muka fasa, kuɗin muka zuba wa mota mai, na ƙara da turmin atamfa. Sai da na yi tambaya wurin mutum uku kafin na gano Mama ta koma wurin ɗanta a Sabon Tasha. Ni da babban yaron muka je, wata Asabar. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ina yin sallama ta kira ni da sunan yarinta da ko matata ba ta sani ba, ta tambayi mahaifiyata, na ce ta rasu shekara shida ke nan, ta kama kuka. Ban ce wa yaron komai ba, na dai ga ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Jikanta, sa'ansa, ya kawo masa buta da tabarma da la'asar ta yi, ya nuna masa gabas.

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe mu a kan gada. Ya daɗe yana kallon ruwa ta taga, sannan ya ce, "Baba, tun da can me ya hana ka kawo mu?" Na buɗe baki zan ce hanya ce ba ta da tsaro, na tuna sau nawa na bi ta nan zuwa Abuja. Na ce masa, "Bari mu sauka daga gadar tukuna."